Cikakken Gwangwani a Shekarar Fari

Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin gona ne. Ya daɗe da ajiye aiki, amma bai ajiye awon ruwan sama ba. Yana da gwangwanaye bakwai da ya kakkafa a kan turaku: ɗaya a bayan gidansa a Sabon Birni, ɗaya a Gangara, biyu ta hanyar Isa, sauran can arewa wajen Burkusuma. Kowane gwangwani da mazurari a bakinsa, da mutumin da ke kula da shi. In an yi ruwa, mutumin ya tsoma rula ya rubuta a 'yar takarda. In ba a yi ba, ya rubuta sifiri. Ranar kasuwa 'yan kabu-kabu su kawo wa Kawu takardun, shi kuma ya kwafe su cikin manyan littattafai masu baƙin bango. Babu wanda ya sa shi.

Abu guda ne Kawu ba ya wasa da shi. A wurinsa sifiri daban, babu daban. Sifiri na nufin mutum ya je ya duba ya tarar da gwangwani a bushe. In takarda ba ta zo ba kuwa, ɗan layi yake ja, ma'ana ba wanda ya duba, ba mu sani ba. Na taɓa ganin ya yi wa wani faɗa sosai don ya cike masa kwana uku da sifiri alhali yana can gidan biki.

Na dawo daga karatun kwamfuta a Sakkwato a shekara ta biyu ta farin, ba ni da aiki sai ɗan buga takardu da nake zuwa yi a Isa kwana biyu a mako. Na tarar gara ta cinye biyu daga cikin littattafan, Kawu kuma ya fara riƙe takarda nesa da fuskarsa kafin ya karanta. Na ce masa za ni zuba masa duka a kwamfuta. Wani abokinsa ya ba mu tsohuwa da wani ofis ya jingine, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Duk manhajar da na ɗora mata sai ta riƙa jan ƙafa, ka danna abu ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Sai na yanke shawarar in gina mata tata manhajar tun daga tushe, daga rubutun da masu ita ke rabawa kyauta, wanda na zo da shi a faya-fayai. Haka za ta dace da jikinta, ba tare da kayan da ba mu buƙata ba.

Ga yadda abin yake. Mutane ne ke rubuta manhaja, da rubutun da mutum zai iya karantawa. Na'ura ba ta jin wannan rubutun, sai an juya mata shi zuwa nata yaren. Abin da ke juyawar shi ake kira kwamfaila, kuma kamar tafinta yake. Kana iya ce masa ya faɗi komai yadda aka faɗa, kalma bayan kalma. Kana iya ba shi izinin ya taƙaita, ya zubar da maimaici, don aiki ya yi sauri. Izinin matakai ne. Takardar jagora da na zo da ita ta ce a tsaya a mataki na biyu, wanda ake rubutawa O2, shi ne aka fi gwadawa. Ta ce na uku bai cika ƙara komai ba, kuma yakan tono ɓoyayyen kuskure. Na samansa kuwa, matakin gaggawa, ta ce kada a kuskura a gina dukan manhaja da shi, domin yana ba tafintan damar karya wasu ƙa'idojin lissafi.

Na karanta wannan da kyau, ba zan ce ban gani ba. Na dai ce a raina masu sababbin na'urori aka rubuta wa. Ni da tsohuwa kowane ɗigon sauri ina so. Na buɗe fayil ɗin da komai ke bi, na rubuta matakin gaggawa.

Wutarmu faranti ɗaya ne na sola a kan rufi da tsohon batirin mota da ba ya riƙe caji, don haka aikin daga hantsi ne zuwa la'asar. In kunna ta in zauna a ɗakin zaure, farin rubutu na ta gudu a kan baƙin allo, ba abin da zan yi sai kallo. Garin ya yi tsit a watannin nan. Samari da yawa sun tafi kudu, awaki sun rage kuka. Da azahar ba ka jin komai sai fankar kwamfutar, wani lokaci da ƙarar guga yana bugun gindin rijiyar maƙwabta. Sau uku zafi ya kashe ta a tsakiyar aiki. Na so in jiƙa buhu in rataya a taga, matar Kawu ta ce ba da ruwan randarta ba. Daga baya ita ce ta kawo dabara: mu riƙa alwala a kan roba, abin da ya taru a jiƙa buhun da shi. Kwana goma sha ɗaya aka yi kafin ta kammala.

Ta yi sauri kuwa, ko dai ni na ga haka. Na rubuta wa Kawu ɗan shiri mai sauƙi, da manyan haruffa. Ya shigar da awon kowane ƙauye, shirin ya jera masa. Na sa masa ƙa'ida biyu. In an bar gurbi ba komai, ya ja layi. In lambar da aka shigar ta wuce zurfin gwangwani, ya rubuta "cike", tunda abin da ya malala ba a auna shi ba. Na gwada shi da lambobi iri-iri. Ban gwada shi da babu ba.

Makonni uku komai lafiya. Kawu ya koyi bugawa da yatsa biyu. Sifiri ne dai yake ta shigarwa, ƙauye bakwai, mako bayan mako, ga shi lokacin da ya kamata a ce gero ya kai gwiwa ya wuce.

Wata ranar kasuwa na dawo daga Isa da la'asar, na same shi tsaye a ƙofar zaure, ba a ciki ba.

"Taho ka gani," ya ce. "Mi ka sa ma abin ga?"

A allon ƙauyuka shida duk sifiri. Na bakwai wata tunga ce arewa da Burkusuma, kusa da iyaka. A gabanta an rubuta cike, cike, cike, har kwana bakwai.

"An yi ruwa a tunga ke nan, Kawu?"

"Takarda ba ta zo ba. Ban rubuta komi ba."

Mai kula da gwangwanin tungar wani dattijo ne, tsohon mahaƙin rijiya, abokin Kawu na shekaru masu yawa. Da ajami yake rubuta awonsa. Kowane mako yakan fito bakin hanya ya zauna gindin wata aduwa ya jira ɗan kabu-kabu, bai taɓa fashi ba. A wannan makon ɗan kabu-kabun ya ce ya tsaya ya yi oda, bai ga kowa ba, ya wuce. Waya kuma ba ta shiga can.

Na zauna na goge gurbin da hannuna, na bar shi fayau, na danna. Cike. Na kashe na'urar na kunna. Cike. Na ce wa Kawu kuskure ne, za ni duba. Na duba rubutun shirina layi-layi, ƙa'idar tana nan daram yadda na rubuta ta: in babu lamba, ja layi. Na karanta ta ya fi sau goma. Babu abin gyarawa.

Mako ya zagayo, takarda ba ta zo ba, allo ya sake cewa cike. Kawu ya daina zama a ɗakin. Matarsa ta ɗauko wani tsohon zane ta rufe allon, ba ta ce wa kowa komai ba. Ban san ta inda maganar ta fita ba, sai ga wani maƙwabci ya tare ni bayan sallar azahar yana tambaya cikin raɗa, wai da gaske ne na'urarmu ta ga ruwa a arewa? Yana da ragowar iri tiya biyu da bai binne ba. Na rantse masa na'ura ba ta ganin komai sai abin da aka ba ta. Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ke ɓoye alheri.

Washegari da safe Kawu ya fito da hularsa ta tafiya.

"Za ni tunga. In ka kai ni, to. In ba ka kai ni ba, in hau na haya."

"Kawu, ku bari in gano kuskuren tukuna."

"Ba don na'urarka za ni ba. Mutumin ga bai taɓa fashi ba."

Na ari babur muka kama hanya. Wannan kafin hanyoyin nan su zama abin da suka zama ne, ana tafiya ba fargaba. Gonaki hagu da dama duk an yi binne, wasu sun tsiro da yayyafin farko sun ƙone, sun zama kamar gashin tsohuwar tabarma. Muka ratsa gulbi a kan babur, yashi zalla. Abin da ya fi tsaya mini a rai itatuwan gawo ne. Gawo yakan zubar da ganye in damina ta shigo, ga su duk sun zubar, sun tsaya tsirara suna jiran ruwan da bai zo ba. Bayan Burkusuma ba mu ƙara haɗuwa da kowa ba, sai wata saniya a kwance da ta daɗe da mutuwa, fatar ta manne wa ƙashi.

Mun isa tungar rana na tsaka. Gidaje ba su fi goma ba. Na kashe babur, shirun ya rufe mu. Kawu ya yi sallama sau uku. Yawancin ƙofofin an toshe su da ƙaya, rumbuna a buɗe, ko kaza babu. Muka nufi gidan dattijon, a can ƙarshe. Ƙofarsa ba ƙaya, amma ba amsa.

Sai na fara jin wata ƙara, siririya, ba ta yankewa. Na ɗauka kunnena ne saboda babur. Na ga Kawu ma ya karkata kai. Muka bi ta muka zagaya bayan gidan.

Turken na nan, gwangwanin na kansa, an cire mazurarin. Ƙudan zuma ne suka yi wa bakinsa zobe, su ke wannan ƙarar. A ƙasa kurciyoyi sun fi ashirin, ba wadda ta tashi da muka matso. Gwangwanin cike yake da ruwa, har baki.

Na ɗaga kai na dubi sama, ban san dalili ba. Fari fat, ko gajimare ɗaya babu. Ƙasar da ke kewaye da turken a tsattsage take. Kawu ya miƙa hannu a hankali ta tsakanin zumar ya tsoma yatsa, ya fitar, ya tsaya yana kallon yatsan. Na ji yana salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na dafa bangon. Na yi shekaru ina koyon yadda na'ura ke aiki, na san babu wata hanya tsakanin ɗakin zaurenmu da wannan turken. Duk da haka a wannan lokacin ban iya tuna ko ɗaya daga abin da na sani ba.

Ban san tsawon tsayuwarmu ba. Takun ƙafa muka ji a bayanmu. Wata tsohuwa ce, ƙarama, da 'yar jarka a ka, ta fito ta hanyar fadama. Ta tsaya ta ƙare mana kallo, sannan ta sauke jarkar.

"Malam, kai ne? Ka zo ba ka ishe shi ba."

Matar dattijon ce. Kawu ya durƙusa inda yake. Ta ce zazzaɓi ne, kwana huɗu. Mazan da suka rage a tungar su uku suka yi masa sutura, bayan kwana biyu su ma suka kwashe iyalansu suka tsallaka Nijar. Ta ba su sallahu a gaya wa Malam na Sabon Birni, ga alama ba wanda ya bi ta nan. Saura ita da wasu tsofaffi biyu a gidan can, ba su fitowa da rana.

Muka yi mata gaisuwa. Ta kai mu kabarin muka yi addu'a. Da muka dawo inuwar bango Kawu ya nuna turken da haɓa.

"Wa ke zuba ruwan ga?"

"Ni."

"Don mi, Inna?" Ni na tambaya.

Ta ce duk sanda aka yi ruwa mijinta ya gama awonsa, a kasko yake juye ruwan don tsuntsaye. Bana da ba a yi ba, kullum da safe sai ya je ya leƙa gwangwanin, tsuntsayen na biye da shi. Da ya rasu suka ci gaba da zuwa suna zama gindin turken. Ita kuma ba ta iya kallonsu.

"Kaskon ya fashe. Sai na cire abin bakin na zuba a ciki. Na ɓata muku awo ko?"

"Ba ki ɓata komi ba," in ji Kawu. Sannan ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun wanshekaren da aka kai shi."

Kawu ya lissafa da yatsunsa, ya dube ni. Na san dole kwanakin su zo kusan ɗaya, tunda makon da mamacin ya daina rubutu shi ne makon da gurbinsa ya zama babu. Amma sanin hakan bai hana ni sake kallon gwangwanin ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar takardarsa ta ƙarshe, wadda bai kai bakin hanya ba. Sifiri uku da ajami, na ukun ya karkace. Kawu ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya roƙe ta ta biyo mu, ta ce 'yarta da ke aure a ƙetaren iyaka ta aiko za ta zo ta ɗauke ta, ba ta son a zo ba a same ta ba. Rijiyar da take ɗibar ruwa tana da nisa, kuma ta ce sai ta jira ya taru kafin ta sami rabin jarka.

A hanyar dawowa, da muka hango Sabon Birni, Kawu ya matso da kansa. Ya ce, kusa da kunnena, "Ka gano mini abin da ya faru. Ba ni son in riƙa tunanin wani abu."

Kwana biyu na yi a kai. Da na gaji da zargin rubutuna, sai na ware ƙa'idar nan ita kaɗai, na juya ta sau biyu: sau ɗaya a mataki na biyu, sau ɗaya a matakin gaggawa. Na ba kowanne gurbin da ba komai. Na farko ya ja layi. Na biyu ya ce cike. Na buɗe abin da kwamfailan ya fitar da yaren na'ura, na bi shi a hankali ina neman inda ake tambaya ko akwai lamba. Babu wurin. Ba a lalata tambayar ba, cire ta aka yi gaba ɗaya. Cikin izinin da matakin gaggawa ke bayarwa har da ɗauka cewa duk abin da ya zo wurin lissafi lamba ce ta gaske. Tunda haka ne, tambayar ɓata lokaci ce a wurinsa. Sai babu ta wuce kai tsaye zuwa ƙa'ida ta biyu, aka gwada ta da zurfin gwangwani, ba ta zauna a ƙasa da shi ba, aka ce cike.

Na kira Kawu na nuna masa, na yi bayanin tafinta da matakansa. Ya saurara har ƙarshe.

"Kai ka ce mashi kada ya tambaya?"

"Ban ce haka ba, Kawu. Na dai ce ya yi sauri iyakar iyawarsa."

"Kuma an gargaɗe ka."

"An gargaɗe ni."

Ya gyaɗa kai. "To ina da ina kuma ya daina tambaya?"

Wannan ne ban sani ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Dukan manhajar da wannan izinin na gina ta, da abin da ke ajiye fayil, da abin da ke riƙe kwanan wata, da dubban abubuwan da wasu suka rubuta ban taɓa karantawa ba. A cikinsu akwai tambayoyi nawa da aka share, suna zaune lafiya lau sai ranar da babu za ta zo? Na'urar ba ta taɓa tsayawa ko ta yi kuka ba. Da fuska ɗaya take faɗin daidai da kuskure.

Na goge komai na koma farko, a mataki na biyu, ba ƙari ko ɗaya. Muka koma tara ruwan alwala. Wannan karon kwana goma sha uku ta ɗauka, don hazo ya riƙa rage ƙarfin solar. Da ta kammala na kasa ganin wani bambancin sauri tsakaninta da ta farko, ko da na sa agogo. Na bar gurbin tunga ba komai, na danna, ta ja layi. Kawu ya sa na maimaita sau uku. Sannan ya ɗauko sabon littafi mai baƙin bango, ya ce zai riƙa rubutawa a nan ma. Ban yi masa musu ba.

Tun ranar da muka dawo ya shirya da ɗan kabu-kabun nan, duk ranar kasuwa ya kai wa tsohuwar jarkar ruwa da ɗan gari. Sau huɗu ana kaiwa. Ruwa ya sauka daga baya, a makare, geron da aka sake shukawa bai kai ga ido ba. A mako na biyar mutumin ya dawo da la'asar da jarkar a ɗaure yadda aka ba shi. Ya ce ya shiga har cikin gidan ya yi ta sallama. An toshe ƙofar da ƙaya, gidan tsofaffin nan biyu ma haka. Kawu ya tambaye shi ko ya zagaya baya. Ya ce ya zagaya, turken na nan, amma an tafi da gwangwanin.

Kawu ya kwance jarkar da kansa, ya kai wa matarsa ta juye a randa.